Randar Mama Rahila

Jama'a, wannan abin da ni ya faru, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba, kuma har yau ban taɓa faɗa wa matata shi dukka ba.

Sana'ata sayar da kayan babur, da ita na gina gidan haya mai ɗaki shida a Talaje, nan Yamai. Ni ke kula da shi da kaina, robine, wato famfo, ya lalace ni ne, masai ya cika ni ne. Ɗakin bakin ƙofa wata tsohuwa ce a ciki, Mama Rahila, Kirista ƴar Dogonduci, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Kullum da safe sai ta cika randa a ƙofar gida don masu wucewa, ta wanke moɗa ta kife a kan murfin.

To sai wani ya zo yana son ɗakin ya yi butik, wato shago. Na duba na ga ɗakin bakin titi ya fi ƙarfin tsohuwa, amma na kasa cewa ta tashi. Sai na yi mata ƙarya, na ce kwanon rufin ya ruɓe, ta je wajen ƙanwarta a Kirkisoye sati biyu a gyara. Ta yi ta sa mini albarka. Da za ta hau taksi ta ce, "Ɗana, ka kula mini da randar nan kafin in dawo."

Washegari na fasa bango na sa ƙofar ƙarfe, randar kuwa na jefa ta cikin shara a bayan gidan. Ta kira ni sau uku ban ɗauka ba. Bayan wata biyu aka ce ta rasu. Ko gaisuwa ban je ba, da wane ido?

Bayan kwana kaɗan mai butik ya fara ƙorafi, wai kullum akwai jiƙa a ƙofarsa, zagaye guda kamar gindin tukunya. Na kawo plombiye mai gyaran famfo ya haƙa, babu tiyo ko ɗaya a wurin. Na sa siminti, jiƙar ta fito a kan simintin.

Ranar da abin ya gama da ni, tsakar rana ce, ana zafin nan na Afrilu. Ina tsaye sai wani ɗan kabu-kabu ya zo yana goge baki, gemunsa na ɗigar ruwa, ya ce in yi wa Mama godiya, ruwanta ya fi na frigo sanyi. Na ce wace Mama? Ya juya zai nuna mini, hannunsa ya tsaya a sama. Ya ce, "Yanzu fa ta miƙo mini. Har ta tambaye ni ko an gama gyaran rufi."

Inna lillahi.

A ranar na tono randar daga shara na mayar da ita. Ni ke cika ta yanzu kowace safiya, da gangan nake barin moɗar a buɗe. In na dawo da azahar sai in tarar an wanke an kife.

Ban san mene ne ba, ban kuma tambayi malami ba, don sai na fara faɗin abin da na yi. Ku masu gidajen haya, in za ku tashi mutum, ku dubi idonsa ku faɗa masa gaskiya. Ita har yanzu jira take a gama gyara.