Jirgin Fiton Da Aka Yi Wa Zane

A Bungudu na tashi, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Da kaka, in an gama tuwo, kakata Inna Hure kan tura karan dawa cikin wuta mu kewaye ta. Tana da tatsuniyoyin dariya, amma akwai guda wadda in za ta fara sai ta daina kallonmu.

"Ku matso, ɗiyana, wagga ba ta dariya ba ce," in ji ta.

Wai wani saurayi ne ya gaji jirgin fito na kakansa, wanda aka sassaƙa daga ice guda. Dokar gidan ɗaya ce, jirgin ba ya kwana a tudu. Shi kuwa yana son jirgin nan kamar ransa, ga son a yaba. Da rani ya jawo shi ƙofar gida, ya ɗauko mai zanen ƙorai daga Tsafe. Aka yi ta bin jikinsa da wuƙa da ƙarfe mai zafi, aka fitar da kada da dabino da taurari. Har daga Kwatarkwashi ake zuwa kallo, rana kuwa tana ta gasa shi.

"Icen ya riƙa ƙara shi kaɗai, ƙas, ƙas," Inna Hure kan ce a hankali. "Ita ko uwatai ta ji, ta yi shiru, don tana jin daɗin yabon."

Damina ta faɗi, gulbi ya cika. Ƙanwarsa da ke aure a hayi ta isa zuwa goyon ciki, ya tura jirgin ya je ɗauko ta. Tafiya lafiya lau. A dawowa, tsakiyar ruwa, icen ya buɗe ta bin zanen, layi bayan layi. Shi kaɗai ya fito.

A nan Inna Hure take tsayawa, ko mun roƙa ba ta ƙarawa.

Na girma ina zaton gargaɗi take mana kan son yabo. Sai bayan rasuwarta wata gwaggona ta gaya mini saurayin nan babana ne, uwar da ta yi shiru kuma Inna Hure. Tausayinsu ya kama ni har na kasa cin abinci. Ashe duk shekarun nan ba mu take ba labari ba. Baba na zaune a zaure yana ji, ta wannan hanyar kaɗai su biyun ke iya maganar yarinyar.