Gwangwanin Sukarin Yaya

Yayata ba ta taɓa auna fulawa a sikeli ba. Shekara ashirin da shida ta yi tana girki a kicin ɗin wata masana'antar takalma, tana ciyar da ma'aikata ɗari biyu kullum, kuma ma'auninta ɗaya ne tal: tsohon gwangwanin madara. Ranar da ta yi ritaya shi kaɗai ta ɗauko ta jefa a jaka. Mu ƙannenta Yaya muke ce mata, maƙwabta kuwa Mai Kek, domin duk hutun ƙarshen shekara, idan 'ya'ya da jikoki suka cika gidan, ƙamshin obin ɗinta har bakin titi yake kaiwa. Tire shida take gasawa a mako guda. Kowane kwaɓi sukari gwangwani uku, bota gwangwani biyu, kuma kowane tire sai ta yanke gefensa ta cinye a tsaye, wai don ta ji ko ya gasu.

Tsayuwar shekarun nan ce ta cinye mata gwiwar dama. Ni na raka ta asibiti, da kunnena na ji likita yana cewa, "Mama, zan yi miki aiki mako biyu bayan shigowar sabuwar shekara, amma sai kin sauke kilo takwas. In ba ki sauke ba za a ɗaga zuwa wata shida, ƙashin nan kuwa ba zai jira ba. Kujera za ki koma."

Wata biyar ke nan a gabanta. Yaya ba mai kuka ba ce. Ta sayi ƙaramin faranti, ta raba gari da shayi mai sukari, kullum da safe tana zagaya layinsu da sanda. Nauyi ya fara sauka. Abin da ya hana ni sukuni shi ne makon hutun nan da ke zaune daram tsakaninta da ranar awo. Na san ta, na san tire shida.

Na ce mata, "Yaya, bana ki huta mana, a sayo na kanti."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Na kanti? A gidana? Ke Auta, bakinki ya fi hankalinki sauri."

"To ki yi iri biyu, nasu da naki."

"In zauna a gefe da ɗan nawa kamar wadda aka kora? Abu ɗaya za mu ci, a tebur ɗaya."

Gwajin farko ta cire sukari da bota gaba ɗaya. Abin da ya fito daga obin ko wuƙa sai da ta yi gardama da shi. Mijinta, wanda har yau muke kira Direba saboda shekarun da ya yi yana jan bas, ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur ya ce a ajiye masa, zai riƙa tare taya da shi a gangara. A gwaji na biyu ta ƙudura gwangwani biyu za ta zuba. Muna cikin hira tana kwaɓi, sai na ga ta tsaya cak, gwangwani a hannu. Ashe ta zuba na uku ba ta sani ba.

"Kin gani?" ta ce. "Kaina ya ji maganar likita, hannun nan ne bai ji ba. Shekara talatin yana ƙirga uku."

Da wata mace ce, da ta zauna tana faɗa da hannunta. Yaya ta aiki Direba ya ɗauko mata guduma. Ta kifa gwangwanin a dandamali, ta ba gindinsa duka ɗaya, ya loɓa ciki kaɗan. Daga ranar, duk Lahadi kafin ta gasa ɗan ƙaramin tire na gwaji, sai gwangwani ya sha duka ɗaya. Hannu yana ƙirga ukunsa cike fal, ransa a kwance, sukari kuwa yana ta raguwa. Fulawa da sauran kayan haɗi ta koma auna su da wani kofi daban.

Sauran dabarun a hankali ta gano su, kuma ta ɓata ƙwai ba kaɗan ba. Rabin botar ta maye gurbinsa da ayabar da ta nuna luguf da yogot marar zaƙi. Ta goga ɓawon lemo, ta ƙara kirfa, ta ce abin da harshe ya rasa hanci ya samu. Ta lura kek mai ƙarancin sukari saurin bushewa yake, sai ta riƙa fitar da shi minti biyar kafin lokacin da ta saba. Yankan gefe kuwa ta damƙa wa Direba muƙamin, shi ma bai ja ba.

Kafin hutu ya zo, gwangwanin ya moƙaɗe har da ƙyar yake ɗaukar rabin abin da yake ɗauka da. Ni da Direba ba mu ji bambanci ba, harshenmu ya biyo guduma mako mako. Amma babban ɗanta daga nesa ya zo da iyalinsa, da ɗanɗanon bara a bakinsa. Ya gutsura, ya tauna, ya ɗaga kai.

"Mama, sukarin ƙarewa ya yi?"

 Na san in ya ture farantin nan, gobe da sassafe za ta koma wa tsohon ma'auni saboda shi. Yaya ta dogara sandarta ta shiga kicin, ta dawo ta dire gwangwanin a gabansa.

"Buhu guda na nan a sito," ta ce. "Zaɓi na kawo maka. Ko ka ci wannan, baɗi ka same ni a tsaye a bakin obin, ko ka ci na kanti ina kujera ana tura ni."

Ya ɗauki gwangwanin yana juya shi, yana shafa sawun gudumar da babban yatsa. Na ga yana ƙirgawa. Sai ya miƙa farantinsa ta ƙara masa yanka biyu. Ita ma ta yanki ɗaya ta zauna a tsakiyarsu ta ci. Haka ta yi duk makon, yanka ɗaya kullum, a zaune, daga tire ɗaya da kowa.

Ranar awo ta cire takalmi, ta miƙo mini jaka, har agogo ta kwance. Na ce ko 'yan kunnen ma za ta ba ni, ta harare ni. Nas ta duba ta rubuta: kilo takwas da rabi. Ni ce na fashe da kuka, Yaya kuwa tambaya take ƙarfe nawa za ta zo.

Da safen da za a shiga da ita ta zaro gwangwanin daga jaka ta danƙa mini. "Ajiye min a gidanki. Kar ki kawo, ni zan zo in karɓa."

Gidana a hawa na biyu yake, matakala ashirin da biyu, shekara uku rabon da Yaya ta taka su. Wata huɗu bayan aikin, ina wanke-wanke na ji an buga ƙofa. Na buɗe, sai ga ta tana haki, babu sanda, hannu a miƙe.

"Auta, ba ni kayana, akwai ƙwai yana jira na a gida."