Mardiyya da Fankokin Rumbun Albasa

Mardiyya 'yar Katanga ce, aure ya kai ta Jega, aiki kuma yake kai ta Aliero. Tun tana ƙarama ba ta da saurin baki. Mahaifiyarta, Inna Iyatu, takan ce in an aike ta duba tukunya, sai ta tsaya ta ga yadda wutar ke ci kafin ta kawo amsa. Da ta yi karatun kwamfuta ma halin bai sake ta ba. Abokan karatunta suka watse, wasu Abuja, wasu Sakkwato. Ita ta zauna kusa da gida tana kula da kwamfutocin makarantu, da ta wani ɗakin shan magani a Maiyama, da wata 'yar ƙarama da ke rumbun ƙungiyar manoman albasa a Aliero.

Ta rumbun nan aikinta ɗaya ne. In laima ta yi yawa a ɗakin ajiya, wata manhaja da ke cikinta sai ta tada fankoki su busa albasar. Albasa kuwa ba ta yafe gumi. In ta jiƙa a ƙasan tsibi, sai wari ya gaya maka abin da ido bai gani ba.

Mardiyya tana da ƙane, Alu. Ya daɗe a kudu, har aka daina tambayar Inna labarinsa don kada a sosa mata rai. Wata bazara ya dawo a rame, amma da sana'a a hannu: ya iya haɗa sola. Inna ba ta tambaye shi komai ba, ta dai sa aka ƙara hatsi a turmi. Mardiyya ce ta kai shi gaban Alhaji Tamu, shugaban ƙungiyar, ta ce ta tsaya masa. Alu ya hau rufin rumbun ya jera faifan sola, ya haɗa batura, wuta ta zauna dare da rana. Manoma suka yi ta sa albarka.

Ba a jima ba fankokin suka fara tsayawa. Ga fitila tana ci, ga laimar farkon damina ta cika ɗaki, su kuwa shiru. Malam Isa mai gadi ya yi abin da kowa ke yi wa na'ura in ta ƙi: ya kashe kwamfutar ya kunna. Fankoki suka tashi. Bayan 'yan kwanaki suka sake tsayawa, ya sake kashewa. Ana haka har aka wayi gari ana kwashe ruɓaɓɓiyar albasa daga kusurwar gabas.

Alhaji Tamu ba mai ɗaga murya ba ne. Cewa ya yi, "Lokacin da muke kan wutar gari, tana zuwa tana tafiya, amma in ta zo fanka na juyawa. Mi ya sauya in ba sola ba?"

Maganar ta zaga kasuwa. Alu ya sauya wayoyin wuta, ya sauya inbata mai juya wutar batura, bai ga laifi ba. Wani yammaci ya sami yayarsa a gida tana tankaɗe, ya zauna bakin ƙofa.

"Yaya, waɗanda suka yi mini maganar aiki sun daina ɗaukar waya. In Alhaji ya sa aka sauke faifan nan, ni kam zan koma inda na fito."

"Ka gaya wa Inna?"

"Ke za ki gaya mata. Ke ce ta hannun damanta."

"Ji ɗan nema! Kai ne dai ake ƙara wa tuwo." Ta kakkaɓe rariya. "Ka ba ni zuwa kasuwar Jega mai zuwa."

Washegari mijinta Ismail ya ɗauke ta a babur zuwa Aliero. Ta gaida Alhaji Tamu, sannan ta roƙi abin da ya yi masa nauyi: kada kowa ya sake kashe kwamfutar, ko da ta tsaya.

"Ɗiyata, albasar mutane ce fa, ba tawa ni kaɗai ba."

"Alu zai sa wa fankokin makunni, Baba, a riƙa tada su da hannu. Amma duk lokacin da aka kashe ta, an share sawun abin da nake nema."

Ya ja carbi, ya ce, "To."

Ta buɗe wani baƙin allo a fuskar kwamfutar, ta rubuta 'yan kalmomi. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta nuna mata duk ƙananan da ke aiki a lokacin, kowace da yawan wurin da ta riƙe a ƙwaƙwalwa. Ita babbar, kamar sarkin kasuwa take. Mai son shimfiɗa kaya ya nemi wuri ta ba shi, in ya tashi ya bar wurin wa wani. Mardiyya ta san kallo ɗaya ba ya faɗin komai, don mai babban wuri ba lallai ne mai laifi ba. Sai ta ɗauki hoton allon da wayarta. Ta sake ɗauka bayan azahar, ta sake bayan la'asar. Ranar da ba ta samu zuwa ba, Malam Isa ya ɗauka ya turo mata, rabin hoton babban yatsansa.

Sauran manhajojin suna ƙaruwa suna raguwa kamar numfashi. Ta fankokin kuwa hawa kawai take yi. Ko da rana tsaka, ɗaki a bushe, ba ta da aikin yi, sai ta ƙara ɗan wuri a kan na ɗazu.

A cikin kwanakin Mardiyya ta leƙa Katanga. Inna tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba ta ce, "Na ga Alu ya wanke takalman da ya zo da su, kamar mai shirin tafiya."

"Ba mu sani ba tukuna, Inna."

"Ki dai duba da kyau. Ke ba ki da gaggawa."

Ana gobe kasuwa ta ga wurin da ya rage a ƙwaƙwalwar kwamfutar bai taka kara ya karya ba. Ta kira Alhaji Tamu, ta kira Alu. Ta sa Alu ya nuna wa Alhaji batura a cike, rana kuma tana dukan rufi. Sannan ta jera masa hotunan daga na farko zuwa na ƙarshe.

"Wagga ta tsakiya, Baba. Kullum sai ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ba ta naɗe ta jiya ba. In fili ya ƙare, babbar sai ta kore ta don saura su rayu."

Suka zauna. Aka kawo fura, aka sha. Alhaji har ya fara gyangyaɗi lokacin da sunan manhajar ya ɓace daga allon. Mardiyya ta buɗe bayanin da babbar ke ajiyewa tun daga kunnawa, ta karanta masa: wuri ya ƙare, an tsayar da wance. Fitila kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"To don mi ba ta yi haka da can ba?"

"Tana yi, Baba. Masu wuta ne ke ɗaukewa kullum, kwamfutar ta mutu, ta tashi da fili a share. Wutar Alu ba ta ɗaukewa, shi ya sa ta sami lokacin cikawa."

Alhaji ya dubi Alu, ya dubi rufi. Mardiyya ta tsara wa na'urar ta riƙa sallamar manhajar nan kowace asuba ta sake tada ta, kafin waɗanda suka rubuta ta su gyara, ta kuma tura musu hotunan.

"Wato Yaya," in ji Alu, "ni na kawo wutar da ba ta ɗaukewa, ke kuma kin koya mata ɗaukewa."

"Rufe mini baki, marar kunya."

Dattijo irin Alhaji Tamu ba ya ba yaro haƙuri da baki. Ya miƙe ya gyara hula, har ya kai ƙofa ya juyo.

"Alu, gobe ka same ni rumfata a kasuwa. Ƙanena na Karaye yana son solar da za ta ja masa ruwa a gonarsa ta rani. Ka zauna kusa da ni inda mutane za su gan ka."

Ismail bai iso da wuri ba, sai Alu ya ɗauki yayarsa a nasa babur. Da suka kusa Jega ya rage gudu ya ce ko su zarce Katanga.

"Ka sauke ni gida, yara na jira," in ji ta. "Wannan labarin kai za ka kai wa Inna."