Malama Ramlatu da Askar Mato Wanzami

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malama Ramlatu ta riga ta buɗe ɗan ɗakinta na bayan asibiti a Rano, ta share, ta juya kujerar baƙo yadda mai zama zai bai wa taga baya, don kada mai wucewa ya ga fuskarsa. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan aiki da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ta auna nauyinsu, ta ba su magani, ta aika jininsu gwaji, wanda ranarsa ta wuce bai zo ba ta bi sawunsa. Masu cewa tana da faɗa ba su yi mata ƙarya ba. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ba na jin za a kafa mata rumfa.

Abu ɗaya zan kawo cikin abubuwan da aka shaida. Akwai wani makiyayi a wajen Fammar, mu kira shi Bappa, don da sharaɗin sakaya sunansa ya yarda a faɗa. Ya zo wurinta a rame, gwaji ya nuna garkuwar jikinsa ta kusa ƙarewa. Ta ɗora shi a kan magani, ya roƙe ta kada mahaifiyarsa Iya ta san ciwon. Ta yi masa alkawari.

Mako uku da fara shan magani, maimakon sauƙi sai zazzaɓi ya rufe shi, wuyansa ya kumbura. Iya ta yi lissafin da kowace uwa za ta yi: ƙwayar asibiti ce ta jawo. Ta kwashe maganin ta ɓoye a cikin ƙwarya, ta aika a kira Mato wanzami ya tsaga kumburin ya fitar da mugun jini.

Da Bappa bai zo awo ba, Ramlatu ta hau acaɓa da hantsi. Ta tarar da shi kwance a tabarma, Mato ya buɗe zabira yana wasa aska. In aka bar maganin, Bappa ba zai ga kaka ba. In askar ta sha jininsa, gobe ita za ta hau kan jaririn wani. Kalma ɗaya za ta tsayar da komai, amma kalmar nan amana ce a hannunta.

Ta durƙusa ta gaida Iya, sannan ta juya.

"Malam Mato, don Allah mayar da askarka. Wannan kumburin ba na tsaga ba ne."

"Malama, tun ba a haife ki ba nake tsaga irinsa."

"Na sani. Wannan dai ka bar mini shi, in ya gagara ni zan ɗauki laifin."

Iya ta ce, "'Yar nan, da ƙafarsa ya je wurinku. Yanzu ko kunu ba ya iya haɗiya. Me kuka ba shi?"

"Iya, in maigida ya daɗe yana barci ɓarawo ya shige rumbu, gida shiru yake. Ranar da ya farka ya kama shi, ranar ake jin hayaniya. Jikin Bappa ne ya farka ya tarar da tarin fuka ɓoye a wuyansa, kokawar da suke yi ce kike gani. In kika hana shi maganin, maigidan zai koma barci."

Iya ta dubi ɗanta. "In ya mutu fa?"

"Rai na Allah ne, Iya. Amma ki ba ni shi yau likita ya gani."

Tsohuwar ta tashi ta ɗauko ƙwaryar da kanta, Mato kuma ya mayar da askarsa cikin zabira. A asibiti aka tabbatar da tarin fukan, aka haɗa masa maganin tarin da na farko. Wata biyu Ramlatu tana zirga-zirga tsakanin Rano da Fammar kafin kumburin ya sace.

Ke ce, Ramlatu, kika sha zagi a gidajen da kika je ceto, kika haɗiye amsar da za ta wanke ki. Ke ce kika san cewa jiki kan yi tsanani a daidai lokacin da ya fara warkewa, kika tsaya kusa da mutane a makonnin da suka fi saurin yanke ƙauna. Mai riƙon amana, har maƙwabtanki ba su san sunan mutum ɗaya da ya zauna a kujerar nan ba.

Yau shekara tara. Garkuwar jikin Bappa ta dawo, ƙwayar cutar ta yi ƙasa har gwaji ba ya ganinta. Da shawarar Ramlatu ya gaya wa matarsa gaskiya, 'yarsu Salma kuma an haife ta lafiya lau.

Mun gode, Malama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma matasan da za ku gaje ta, ku koyi bin sawu da kame baki kafin ku koyi cika takarda. Iya ta rasu bara tana gaya wa kowa cewa malamar asibiti ta warkar mata da ɗa daga ciwon wuya. Ramlatu ta je gaisuwa, aka maimaita maganar a gabanta, ta ce, "Allah ne Ya warkar," ba ta ƙara komai ba.