Dabinon Kaka da Kufan Asode

Ana sallame asuba muka fito daga gidanmu na Babura, ni da ƙanena Sale. Ni da ko Kazaure sai biki ke kai ni! Dalilin tafiyar kuwa bishiyar dabino ce da ke ƙofar gidanmu. Kakanmu ya shuka ta da ƙwallon da ya zo da shi daga Abzin, ƙasar iyayensa. Duk shekara takan yi huda, ta yi 'ya'ya ƙanana marasa ƙwallo, su zube. Sale ya ce zai sare ta ya gina shago. Na ce to, amma ya fara kai ni in ga inda ta fito. Ya amsa yana dariya, don ya ɗauka ba zan iya barin murhuna ba.

Babura zuwa Agadas

A iyaka jandarma ya duba takardunmu, ya leƙa ƙullina.

"Hajiya, me ke wari haka?"

"Daddawa ce, ɗana. An ce can babu."

Ya yi dariya ya ce mu wuce. Muka canza kuɗi zuwa sefa a Magarya, muka sauka Damagaram wurin wani abokin cinikin Sale. Washegari muka shiga babbar mota. Daga Tanut itatuwa suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙin da suka gama gaisuwa. Na yi gyangyaɗi na farka, na sake yi na farka, ƙasar tana nan yadda na bar ta, shimfiɗe, ba kowa.

Timiya

Daga Agadas a-kori-kura ta yini tana jijjiga mu cikin baƙaƙen duwatsu. Can da la'asar na ji kukan guga. Kafin in ga komai kunnena ya gaya mini akwai ruwa. Muka sha kwana, sai ga kore shar: dabino, rumman, lemo, raƙumi yana jan ruwa daga rijiya yana kai da komo. Wallahi na ɗauka na sake gyangyaɗawa ne.

Mai masaukinmu wani dattijon Buzu ne mai lambu, Baba Agali. Ya ba mu cuku da shayi. Da safe na tarar da shi a kan dabino yana ɗaura wasu silalla cikin huda.

"Baba, me ake yi?"

"Aure nake ɗaurawa, 'yata. Wannan mace ce, wancan namiji. In ba a kawo mata furensa ba, ba ta haihuwa."

Na ba shi labarin tamu. Ya sauko a hankali ya dube ni.

"Akwai namiji kusa da ita?"

"Ita kaɗai ce a unguwar."

"Kai! Kun bar baiwar Allah ba miji tun zamanin kakanku, kuna zaginta juya?"

Ya yanko furen namiji, ya shanya a inuwa, ya ƙulle mini a tsumma. Ya ce kar ya ga ruwa. Sale ya taɓe baki.

"Yaya, bulo fa na riga na sauke."

Asode

Baba Agali ya raka mu wani kufai. Asode ke nan, garin da Kaka ke ambata in ya kishingiɗa. Ban san haka yake da girma ba. Gidajen dutse ne birjik, rufinsu ya tafi, ƙofofinsu a buɗe kamar masu gidan sun leƙa maƙwabta. Ga masallaci, alƙiblarsa na nan. Na cire takalmi na yi sallama, don ba a shiga gidan mutane haka nan.

Iska ce ta amsa. Tana ratsa kafofin dutse, nan ta yi kamar mace na sheƙa, can kamar ana lallashin yaro. Na tsuguna a wani ɗaki na ga guntun tukunya da baƙin hayaƙi a jikinta. Wata ta yi girki a nan, ta kira 'ya'yanta. Wataƙila cikinsu har da wanda ya haifi Kaka.

Rana ta take, muka nemi inuwa muka rasa. Baba Agali ya ce ayari ya sauya hanya, mutane suka bi shi, lambuna suka mutu. Na nuna wa Sale wasu ɗakuna a jere.

"Ga shaguna nan, Alhaji, ka zaɓi naka. Ba haya."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe a zaune yana juya guntun tukunyar a hannu. Da za mu tashi ya ce, "Yaya, tsumman nan yana ina? Kar gumi ya jiƙa shi."

Gida

Mun iso Babura bayan azahar, muka tarar hudar ta fara tsagewa. Ko wanka Sale bai yi ba ya jingina tsani, ya hau kan bulonsa ya ƙarasa, yana ɗaura furen cikin hudar, ƙaya na sukarsa yana mita, ni ina ƙasa ina ba da umarni. Maƙwabta suka fito suna tambayar ina goron ɗaurin aure.

Watanni suka wuce, 'ya'yan ba su zube ba. Ranar da na ɓare na farko haƙorina ya gamu da ƙwallo, sai da na zauna. Sale ya karɓe shi daga hannuna, ya je ya binne a gefen bulon, ya zuba ruwa.

Allah mun gode da Ya kai mu Ya dawo da mu. Baba Agali, Allah Ya ƙara wa rijiyarka ruwa.