Samanjan da ya zo mana gaisuwa da ƙafa

Tun da dagaci ya ɗauki ɗana Sule ya ba Turawa aka kai shi yaƙin Bama bai dawo ba, ba wanda hukuma ta aiko ya tsuguna ƙofar gidana ya ce mani ya haƙuri. Ina tare da wannan baƙin ciki, ranar kasuwa wani ɗan koli ya iso Damari da labarin Allah ya yi wa Malam Barau Samanja rasuwa a Ketare. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ban iya rubutu ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mani magana.

Malam Barau ya shiga soja yana saurayi, ya kai muƙamin da baƙar fata ke tsayawa. Waɗanda suka dawo sun ce in daji ya rikice, bakinshi kowa ke kallo, har Baturen. Da aka sallame shi bai zauna ba. Da ƙafar da harsashi ya lalata ya bi Ketare, Ruwan Godiya, har nan Damari, gida gida, duk inda yaro bai dawo ba.

Ya tarar da ni ina sussuka. Na shimfiɗa mashi tabarma, ya ƙi, ya zauna ƙasa. Ya ce, "Baba, ni na wanke Sule, ni na duba mashi gabas. Rawanina na yaga muka suturta shi." Na ce, ya sha wuya? Ya ce, "Ya sha. Ba na yi wa uba ƙarya a kan ɗanshi."

Mutumin nan ƙafa ta ruɓe mashi a ɗaki, ƙuda na bi, matarshi Inna Dije na fifita, ba dogari, ba malamin asibiti. Da na je gaisuwar uku, sai ga masinjan hukuma kan keke. Ko takalmi bai tuɓe ba. Wai a ba shi lambobin yabon marigayi, za a rataya a ofis baƙi su gani. Na ce, "Kai ɗan nan, haka aka koya maka shiga gidan mutuwa?" Na kwashe lambobin na sa aljihu. Suna wurina.

Allah ya jiƙan Malam Barau, ya haskaka kabarinshi, ya rufa wa Inna Dije da marayunta asiri.

In wanda ya aiko masinjan na son lambobin, to ya tako da kanshi, ya gaida matar nan, sannan ya dubi idona ya faɗa mani inda yake lokacin da ƙafar ke wari. Ina Damari, ba inda za ni.