Gishiri ya dawo, hatsi bai dawo ba

Wata Talata ce bayan an gama yankan hatsi, a shekarar da muka fara darasin kimiyya a koleji a Matankari. Malaminmu, Mushe Illa, kamar yadda muke kiran malami da Faransanci, ya shigo aji ɗauke da ƙaramin murhun gawayi, da cokali, da ƙullin gishiri da na sukari. Ya zuba gishirin a kofin ruwa ya motsa har ya ɓace, ya tambaye mu ina ya tafi. Muka ce ai ya narke, shi ke nan. Sai ya juye ruwan a murfin tukunya ya ɗora bisa wuta. Muna kallo ruwan ya ƙafe, sai ga farin abu kwance a murfin. Ya miƙo mini na lasa. Gishiri ne! Hadiza da muke zama benci ɗaya ta ja baya tana salati, wani daga bayan aji ya ce mutumin nan da iskoki yake aiki. Ni kuwa na kasa rufe baki. Kullum ni ke zuba gishiri a miyar Inna, kuma na ɗauka da zarar ya shiga ruwa ya gama rayuwarsa.

Ba mu gama farfaɗowa ba ya zuba sukarin a cokali ya ɗora bisa wuta. Ya narke, ya yi ja, ya tafasa yana ƙauri, ya koma baƙi ƙirin. "To, wa zai mai da shi sukari?" Ya ce canji iri biyu ne: wani kama kawai yake sauyawa, abin yana nan yadda yake, wani kuwa sabon abu yake haifarwa. Na koma gida kamar wadda aka buɗe wa ido. Ina daka ina cewa gari dai hatsi ne, man shanun da ya narke a rana zai sake daskarewa, amma nonon da ya yi tsami da itacen da ya zama toka sun wuce. Da na ba Baba labarin gishirin, dariya ya yi har da tari.

Ba a yi wata ba wuta ta tashi a bayan gidanmu da rana tsaka. Har yau ba mu san mafarinta ba. Iska ta kwaso ta daga tarin kara ta jefa kan rumbunmu, wanda ke cike da damman hatsin shekara. Mata suna gudu daga rijiya da bokitai, maza suna watsa ƙasa, amma kafin la'asar babu komai sai baƙin tsibi mai hayaƙi. Baba ya durƙusa ya zaro zangarniya ɗaya. Siffarta na nan sarai, ƙwaya-ƙwaya, amma yana murza ta sai ta zube gawayi a tafinsa. Ya ɗago ya dube ni.

"Hawa'u, mushen nan naku da ya maido gishiri, babu wata dubara ga wanga?"

Ba wasa yake ba. Ban taɓa ganin Baba yana neman mafita wurin yaro ba. Na ce, "Babu, Baba. Ya riga ya zama wani abu." Ya gyaɗa kai, ya kakkaɓe hannunsa a riga. Maƙwabta suka kawo mana dami ɗai-ɗai, aka sayar da awakin Inna, shi kuma ya tafi cin rani, abin da bai taɓa yi ba.

Yanzu a Dogon Dutsi nake zaune, hatsi a buhu nake saye. Ɗiyana suna haddace wannan darasi da Faransanci, suna kallonsa a waya suna hamma, babu mai ja da baya yana salati. Wani lokaci nakan so in ga idonsu ya buɗe irin yadda namu ya buɗe, sai in tuna da Baba durƙushe a gaban toka, in yi shiru. Ban taɓa sanin amsa daidai da ta yi mini nauyi a baki kamar ta ranar ba.